Ga ƙanwata mai neman karatun sankarar jini a waje

Ƙanwata, saƙonki ya same ni a ɗakin gwaji nan Jamus. Kin ce kin gama digiri a Bayokemistiri, kina son yin bincike kan sankarar jini, me za ki rubuta wa farfesoshi? Don Allah kada ki ce musu "burina in kawar da sankara daga duniya". Irin wannan wasiƙar kullum sai ta zo musu, ko ƙarshenta ba sa kaiwa. Ki je musu da tambaya guda, ƙarama, mai kaifi.

Ga inda ake haƙa yanzu. Cikin fararen ƙwayoyin jini akwai ƙwayar B, mai wata eriya a jikinta da take jin shigowar cuta. Da eriyar ta kama abu, sai saƙo ya ratsa wasu furotin, ciki har da BTK, ya ce wa ƙwayar ta rayu ta hayayyafa. A sankarar jini mai suna CLL da wasu nau'o'in limfoma, wato sankarar kaluluwa, saƙon ba ya yankewa, ƙwayar ta ƙi mutuwa. Maganin ibrutinib, wanda Amurka ta amince da shi a 2013, BTK ɗin yake toshewa.

Farkon zuwana na ga sakamakon wani majinyaci da ya fara shan sa: kaluluwarsa ta sace, amma fararen ƙwayoyin jininsa sun yi tashin gwauron zabi. Na ruga wurin shugabata jiki na ɓari, a zatona cutar ce ta yi tsanani. Ta yi murmushi ta ce maganin ne ya koro ƙwayoyin sankarar daga maɓoyarsu a kaluluwa zuwa cikin jini. Sai dai sankara ba ta zama wuri ɗaya. A wasu mutane BTK kan sauya a wani gurbi nasa da ake kira C481, maganin ya rasa wurin kamawa.

Ke kuwa kina da abin da Bature bai cika gani ba. Limfomar Burkitt, mai kumbura muƙamuƙin yara, wadda Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, tana nan a asibitocinmu na Arewa, kuma tana da alaƙa da ƙwayar cutar EBV da zazzaɓin cizon sauro. Ita ma da eriyar take rayuwa, amma saƙonta ta hanyar wani furotin daban mai suna PI3K ya fi bi. Da ni ce ke, a nan zan kafa tambayata. Kafin ki aika wasiƙar, ki zauna ki koyi manhajar R ta nazarin alƙaluma, don ranar farko za a tambaye ki.