Inabin Persan: Kare Shi Kafin Ruwa Ya Sauka

Tambaya: Malam, ina aiki a wata ƙaramar gonar inabi a yankin Savoie na Faransa, muna noma Persan ba tare da maganin kamfani ba. Ganyen ya fara yin tabo rawaya kamar an ɗiga masa mai, ƙarƙashinsa kuma fari-fat. Me za mu yi?

Amsa: Ɗan'uwa, fumfunar da ke bin damshi ce ta kama shi, kuma Persan ba ya da juriyarta. Wannan baƙin inabi na kwarin Maurienne da ke yankin Savoie, wanda ake yin jan giya da shi, ya kusa ɓacewa, kuma wahalar rainonsa na cikin dalilan da suka sa manoma suka guje shi.

Maganin da aka yarje muku shi ne jan ƙarfe, irin haɗin Bordo da ake gauraya shi da farar ƙasa. Amma ka sani, kariya yake yi, ba ya warkar da ganyen da cutar ta riga ta shiga. Saboda haka a fesa kafin ruwa ya sauka, a sake bayan ruwa mai yawa ya wanke shi, a kuma bi sabon tofo. Kada hannu ya yi nauyi. Tun 2019 dokar Tarayyar Turai ta tsayar da kilo 28 a hekta ɗaya cikin shekara 7, wato kilo 4 a shekara, don jan ƙarfe taruwa yake a ƙasa, ya cutar da tana.

Abin da na fi damuwa da shi shi ne iska ta riƙa ratsa rassan. Persan yana da yawan reshe. A rage tofon da ya cunkushe, a ɗaure rassa sama, a tsinke ganyen da ya lulluɓe 'ya'ya ta ɓangaren hantsi, a sassabe ciyawar gindi, domin raɓa ta bushe da wuri. Idan kuma farar hoda ka gani a kan 'ya'yan, wata fumfunar ce daban, farar wuta ce maganinta.

Tambaya: Za mu iya yanko reshe mu dasa kai tsaye?

Amsa: A'a. Ƙwaron filoksera da ya cinye gonakin inabin Faransa a ƙarni na 19 yana nan a ƙasa, saiwa yake ci. Sai an yi wa reshen aure da gindin inabin Amurka, kamar yadda ake wa mangwaro. Ku zaɓi reshe daga tsofaffin itatuwa masu lafiya, ku kai wa masu rainon dashe su haɗa muku.