Muna son ceto tsofaffin taragun fasinja mu kawo su Sakkwato: ta ina za mu fara tara kuɗi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ma'aikacin reluwe ne, a jirgin ƙasa na fara zuwa Zariya ina yaro. Kwanan baya na ga wasu tsofaffin taragun fasinja a wata tasha, ciyawa ta rufe su, babu tagogi babu kujeru. Mu goma sha biyu ne a nan Sakkwato, yawancinmu 'ya'yan ma'aikatan jirgi, muna son mu kira gidauniya mu gyara ko da guda uku, mu kawo su gida yaranmu su gani. Ta ina za mu fara, wa kuma za mu tunkara? Daga malamin makaranta mai ritaya, Sakkwato.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa aikin da ya yi wa jama'a ya zame masa haske. Wasiƙarka ta taɓa ni, domin na san ciwon ganin tarago yana ruɓewa a tsaye.

Duk attajirin da kuka je wurinsa zai ce muku ai jirgi bai taɓa shiga Sakkwato ba. Gaskiya ne, layin dogo bai iso birni ba. Amma reshen da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tsaya a Ƙaura Namoda a 1929, kuma Gusau da Ƙaura duk Lardin Sakkwato ne a lokacin, ba su fita daga jihar ba sai da aka ƙirƙiri Zamfara a 1996. Gyaɗarmu da audugarmu da fatar jan akuya ta wannan layi suka bi zuwa Ikko. Ɗalibai da sojoji da fatake mota suke shiga zuwa Gusau su kama jirgi. Wannan tarihi shi ne jarinku na farko, ku haddace shi.

Sai dai ina roƙonku ku mayar da ukun nan ɗaya, kuma kada ku karɓi ko kwabo daga hannun jama'a tukuna. Taragun nan suna da mai su, wato Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya da aka kafa a 1955. Ko tsatsa ta gama da tarago, yana nan a littafinta. Ku rubuta mata takarda da lambar taragon da hotunansa, ku nemi ɗaya daga cikin uku: kyauta, aro na shekaru masu yawa, ko sayarwa. Kowanne aka amince, ya zama a rubuce da sa hannu. Jami'an tsaro suna tare motocin da ke ɗauke da ƙarafan reluwe saboda ɓarnar 'yan gwangwan, wanda ba shi da takarda kuwa ba a bambanta shi da su a bakin shinge.

Wajen zaɓe, kada fenti ya ruɗe ku. Ku tafi da tsohon makanikin tarago da ƙaramar guduma, ya shiga ƙarƙashi ya ƙwanƙwasa manyan ƙarafan da jikin ya zauna a kai. Ƙarfe mai lafiya ƙara yake yi tangaran, wanda tsatsa ta cinye kuwa sai ka ji dum, yana zubar da ɓawo. Taga da kujera kafinta zai yi sabbi. Ƙashin bayan ne in ya tafi, ya tafi. A duba rufi da kusurwoyin da ruwa ke kwanciya, a duba inda gara ta shiga katako. Akwai kuma abin da ba na wasa da shi: taragu da yawa na wancan zamani an cusa musu asbestos a bango don tare zafi, wani abu mai kama da auduga wanda ƙurarsa ke lalata huhu bayan shekaru, tsohon fenti kuma yakan ƙunshi dalma. Kada a bar matasa masu zumuɗi su fara kankara ko ɓalle bango kafin masani ya duba.

Yanzu kuɗi. Yawancin mutane suna zaton gyaran ne zai ci dukiya, alhali ɗauko taragon da zaunar da shi su ne manyan ramuka. Taragon fasinja yakan kai kusan tan 30, tsakanin Gusau da Sakkwato kuma ya haura kilomita 200. Ana buƙatar kuren, wato na'urar ɗaga kaya masu nauyi, a wurin ɗauka, wani a wurin saukewa, da doguwar tirela mai ƙasa-ƙasa. Kafin ya iso, sai an shimfiɗa masa guntun layi a kan daɓe mai ƙarfi, da faɗin tsohon layinmu, milimita 1,067, ba 1,435 irin na Abuja zuwa Kaduna ba. Sannan rumfa. A kan wannan nake so ku tsaya da kyau. Busasshiyar iskar Sakkwato tana yi wa ƙarfe kirki, amma ranar bazara da ke wuce digiri 40 tana tsattsaga katako, tana ƙona fenti, ruwan damina ya bi ta tsagar, gara ta ƙarasa. Na taɓa ganin taragon da aka kashe kuɗi aka yi masa fenti mai kyau aka bar shi a fili, damina biyu kawai ya koma kamar ba a taɓa shi ba, waɗanda suka ba da kuɗin kuma ba su sake amsa kira ba. Saboda haka jerin kashe kuɗinku ya zama: takarda, fili, daɓe da rumfar kwano, jigila, maigadi, sannan gyara. Maganar ya sake tafiya a kan layi ku ajiye ta. Birki da ƙafafu masu ɗaukar fasinja wani aiki ne daban.

Ku yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, a matsayin amintattu, ku buɗe asusun banki da sunan ƙungiya wanda ba a cire kuɗi sai da sa hannun mutum biyu ko uku. Ku goma sha biyun ku fara zubi duk wata kamar adashe, shi zai ɗauki nauyin rajista da tafiye-tafiye. Gidauniyar da ake kira a babban zaure tana da daɗin ji a lasifika, amma Malam, ka san alkawarin da ake yi a gaban jama'a ba duka ke isa banki ba, ga kuɗin zaure da abinci. Ku bar ta sai tarago ya sauka a ƙarƙashin rumfarsa, lokacin gani ya kori ji.

Hanyar da na fi yarda da ita ita ce raba taragon gunduwa-gunduwa. Iyali su ɗauki nauyin kujera ɗaya ko taga ɗaya, a manna ƙaramin allon tagulla da sunan mahaifinsu da ya yi aikin jirgi. Mutum yakan ba da abin da bai yi niyya ba idan sunan uba zai zauna. Kuma ba kowa za a nema wa tsabar kuɗi ba: siminti ana yin sa a Kalambaina, sai ku nemi buhuna, masu tirela a nemi jigila, ɗaliban Kwalejin Umaru Ali Shinkafi su yi walda ƙarƙashin malamansu, dukawanmu su lulluɓe kujeru. Abu ɗaya, kada ku kira wannan zakka, domin tana da mutanenta takwas da aka ambata. Gudummawa ce, ko wakafi ga mai so, ku tambayi malamai yadda za a tsara shi. Duk wata ku fitar da lissafi, abin da ya shigo da abin da ya fita har da rasit, a rukuninku na WhatsApp.

Ba ku ne farau ba. A Wales ta Birtaniya, 'yan sa-kai sun karɓi ƙaramin layin Talyllyn a 1951, har yau yana aiki. A unguwar Ebute Metta ta Ikko, ƙungiyar Legacy ta gyara gidan Jaekel ya zama ɗan gidan tarihin reluwe. A gidan tarihi na Jos akwai kayan ƙaramin jirgin da ya yi zirga-zirga tsakanin Zariya da Jos har aka rufe layin a 1957. Ku tura mutum biyu su gani da idonsu. Batun fili kuwa, ku fara tuntuɓar Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu, domin wurin da 'yan makaranta suka saba zuwa ya fi, kuɗin shigarsu zai taimaka wajen albashin maigadi.

Akwai aikin da ba ya jiran takarda ko kuɗi. Tsofaffin direbobi da masu duba tikiti da 'yan diga da suka rage a Gusau da Ƙaura da Zariya suna ƙarewa. A makon nan ku ɗauki waya ku fara naɗar muryoyinsu, ku tambaye su launin taragun, da yadda kujerun kowane aji suke, domin da bayaninsu kafinta zai yi aiki. Idan kun samo lambar taragon da hotunan ƙarƙashinsa, ku aiko mini in duba kafin ku rubuta wa hukumar.