Mujallar girki mai amfani a Jos

Hajiya, kin tambayi inda za ki samu mujallar girkin abinci mai gina jiki. Ki fara leƙa masu sayar da tsofaffin littattafai a Taminus, wataƙila ki dace da Good Food ta Ingila. EatingWell ta Amurka ta daina fitowa a takarda tun 2022, sai a intanet. Ita na fi so, don kowane girki tana faɗin yawan gishiri da mai da sukarin da ke ciki, bayanin da mai hawan jini ke buƙata ke nan.

Kar kayan haɗinsu su tsorata ki. Inda suka ce kinowa (quinoa, wata tsaba mai kama da hatsi), ki sa acca. Kabeji da karas da koren wake kuwa ga su nan jibge a kasuwar Farin Gada.