Kafin ka biya kuɗin Camry ɗin nan

Malam, ka ce dillali a kasuwar motoci ta Berger da ke Legas ya tsuga maka kuɗi kan Camry tokumbo (wadda aka yi amfani da ita a ƙasar waje), yana rantsuwa ba ta taɓa haɗari ba. Dakata tukuna. Da yawan motocin da ke sauka a tashar jirgin ruwa ta Tin Can daga gwanjon Amurka suke, inda kamfanonin inshora ke sayar da waɗanda suka yi karo ko ambaliya ta ci. A nan Legas ake buge su, a fesa fenti.

Kwafi lambar VIN, wato lambar shaidar motar, haruffa da lambobi 17, tana ƙasan gilashin gaba wajen direba. Duba ta a Carfax, shafin da ke nuna tarihin mota, ko ka sa a Google, sau da yawa hotunan gwanjon na fitowa.

Ka je da bakanikenka, ba na dillali ba. Ni sai da na biya na ɗora maganaɗisu a ƙofar baya, ya ƙi kamawa, ashe duk ciko ne aka shafe da fenti. Ɗaga kafet ka shinshina, leƙa tsatsa ƙarƙashin kujera, don gano alamun ambaliya. In ka murɗa makulli, fitilar jakar iska ta kama sannan ta mutu. In ba ta kama ba, wataƙila an taɓa ta.

Kuɗin kuwa, duba na tsararta a shafin saye da sayarwa na Jiji kafin ka taya.