Kaluluwa ta fito: in sayi abin gwaji ko in tafi asibiti?

Wani mai sayar da kayan miya a kasuwar Mile 12 da ke Legas ya rubuto: "Mako uku ke nan da na sadu da mace ba kariya. Yanzu kaluluwa ta fito min a wuya da hammata, ga zazzaɓi. In sayi abin gwajin ƙanjamau a kemis, ko in fara da ampiclox?"

Malam, riƙe kuɗinka. Ampiclox ba ya taɓa HIV, ƙwayar cutar da ke kawo ƙanjamau. Ita ma kaluluwa ba hujja ba ce: ciwon haƙori, ƙurji da tarin fuka duk suna tayar da ita.

Abin gwajin kemis kuwa lokacinsa bai yi ba, don ba ƙwayar cutar yake gani ba, sinadarin garkuwar da jiki ya ƙera a kanta yake nema. Maƙerar wannan sinadari tana cikin kaluluwa, inda wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira CD4 ke taya ƙwayoyin B, masu ƙera sinadarin, aiki. To, CD4 ɗin nan su HIV ke kamawa. A cikin kaluluwar HIV ke yada zango ta hayayyafa, tana sauya kama, sinadarin na biye da ita a baya bai cim mata ba. Kumburin da kan zo mako 2 zuwa 4 bayan kamuwa daga wannan artabu yake. Sai an yi kwana 23 zuwa 90 sinadarin ke taruwa har irin wannan gwajin ya gan shi. A mako uku, layi ɗaya a jikin abin gwajin, wato alamar ba a ga cutar ba, bai wanke ka ba.

Ka je asibitin koyarwa na LUTH a Idi-Araba ko cibiyar binciken lafiya ta NIMR a Yaba, ka nemi gwajin jinin jijiya mai neman p24, wani ɓangaren ƙwayar kanta. Shi yakan kama tsakanin kwana 18 da 45, don haka ana iya cewa ka dawo a maimaita. Da ka zo cikin awa 72 bayan saduwar, da an ba ka PEP, maganin hana kamuwa, na kwana 28. Wannan ƙofa ta rufe.

Bayan wata uku kana iya sayen OraQuick, abin gwajin da ake gogawa a baki. Duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Kada ka ci ko ka sha komai minti 15 kafin gwaji. Goga dasashi na sama da na ƙasa sau ɗaya, ka karanta a minti 20, kada ya wuce 40. Layi biyu, ko na biyun ya dusashe, asibiti za ka kai a tabbatar. Maganin HIV kyauta ne a asibitocin gwamnati.