An hana ni zama ɗan Birtaniya saboda tsohuwar matsalar biza

Wani ɗan'uwa ya rubuto daga Birmingham. Ya je karatu, bizarsa ta ƙare ya ƙara wasu watanni kafin ya gyara takardunsa, kuma lokacin yana ɗalibi ya riƙa aiki a wani rumbun ajiye kaya fiye da awannin da aka yarje masa. Yanzu yana da takardar zaman dindindin, ya nemi zama ɗan ƙasa, sai aka ƙi shi da hujjar bai cika sharaɗin kyakkyawan hali ba. Yana tambaya ko korarsa za a yi, ko ya sake nema, ko kuwa ya tattara ya koma Kano.

Ɗan'uwa, Allah ya sa haka shi ne mafi alheri. Ka kwantar da hankalinka tukuna. Hana ka zama ɗan ƙasa bai soke takardarka ta zaman dindindin ba. Aikinka da gidanka suna nan yadda suke, sai dai in an gano cewa da ƙarya ka samu ita kanta takardar, wannan kuma wata magana ce daban.

Ɗauko wasiƙar ka sake karanta ta a tsanake, domin laifuffuka biyu ka ambata, kuma Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ba da ma'auni ɗaya take auna su ba. Tun Yunin 2022, wanda ya riga ya samu zaman dindindin ana iya kau da kai daga wuce wa'adin bizar da ya yi a baya, muddin bai jawo wani sabon abu ba tun da aka ba shi takardar. Aiki fiye da ƙa'ida kuwa ba ya cikin wannan sassauci. Ɗalibin jami'a awa 20 aka yarje masa a mako lokacin da ake karatu, kuma duk aikin da aka biya ka ta hanyar da ake cire haraji, lissafinsa yana ajiye a wurin hukumar haraji. Irin wannan saɓa ƙa'ida, shekara 10 ake waiwayawa baya daga ranar da za a yanke hukunci a kan buƙatarka. Saboda haka ka lissafa daga ranar da ka daina.

Abin da na fi jiye maka shi ne ko ka rubuta waɗannan abubuwa a fom ɗinka. Mutanenmu da yawa a nan suke faɗawa rami. Wani a majalisa zai ce maka, "kada ka tono abin da ba a tambaye ka ba, ai sun manta." Ba su manta ba. In wasiƙar ta ce ka ɓoye gaskiya, to yaudara suka ɗauke ta, kuma a al'ada sai ka jira shekara 10 a kanta, ko da asalin laifin ƙarami ne. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

A kan wannan hukunci babu ɗaukaka ƙara irin wadda aka saba a sauran shari'o'in shige da fice. Akwai fom da ake kira NR, wanda za ka biya kuɗi ka nemi su sake duba hukuncin. Yana da amfani idan sun yi kuskure a doka ko a bayananka, misali idan wuce wa'adin kaɗai suka riƙe ba su kula da sassaucin 2022 ba. Roƙo da cewa kana da iyali kuma kana biyan haraji ba ya juya shi. Akwai kuma zuwa babbar kotu ta duba ko sun bi ƙa'ida, amma cikin wata uku ake shigar da ƙarar, ga tsada.

Kada ka yi gaggawar sake nema. Kuɗin ya haura fam 1,500, kuma in an ƙi ka, na bikin rantsuwa kaɗai ake dawo maka da shi. Kafin ka sake kashe ko kwabo, ka nemi ma'aikatar ta ba ka kwafin bayananka da ke hannunta, kyauta ne. Ka kai wa lauya mai rajista, ko mai ba da shawara da IAA, hukumar da ke sa ido kan masu ba da shawarar shige da fice, ta amince da shi, ya haɗa da wasiƙar ya duba. Ka guji 'yan "na san wani a ciki". Jarrabawar sanin rayuwar Birtaniya da ka ci kuwa ba ta lalacewa, ka adana shaidarta.

Batun komawa gida, ka je ka gaida su Hajiya da fasfonka na Najeriya, babu mai hana ka dawowa. Amma kada fushi ya sa ka share shekara biyu a jere a waje, domin zaman dindindin ɗin zai faɗi da kansa. In kana da niyyar sake nema, ka riƙa rubuta ranar fita da ranar dawowa: kada kwanakinka a waje su wuce 450 cikin shekara biyar, ko 90 a shekarar ƙarshe. Kwanakin aikin Hajji da hutun Sallah a Kano duk suna cikin lissafin.