Likita Na Amsawa: Mata-maza, Ɗan Daudu da Sunayen da Ake Cakuɗawa

Likita, 'yata ta haihu a gida kwana huɗu ke nan. Unguwarzoma ta duba ta ce ba za ta iya cewa namiji ne ko mace ba. Mun ce wa maƙwabta namiji ne, ga suna ya matso. Yaya za mu yi? Kakar jariri, Tudun Wada.

Hajiya, Allah ya raya. Ku ajiye zancen suna tukuna, yau ɗin nan ku kai jaririn sashen yara na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika.

Ga dalilin gaggawar. Abin da ya fi yawan jawo haka shi ne, jaririyar mace ce, da mahaifarta a ciki, amma wata 'yar halitta da ke zaune a saman ƙodarta ta yi ta fitar da sinadarin maza tun tana ciki, har gabanta ya ɗauki kamannin na namiji. Wannan halittar kuwa ita ke riƙe wa jiki gishiri. Da yawa daga irin waɗannan jarirai gishirin yakan yi ta zurarewa ta fitsari, sai a mako na biyu ko na uku a ga amai, a ga an ƙi nono, tsakar kai ta lotsa, jiki ya saki. In aka yi sake, rai ne ke tafiya. Akwai maganinsa, ƙwayoyi ne da ake sha kullum, kuma yaran suna girma lafiya.

A asibiti za a yi hoton ciki a nemi mahaifa, a auna gishiri da sinadarai a jini, a kuma duba ƙwayoyin halitta, ko XX ne irin na mata ko XY irin na maza. Sakamakon na ƙarshen yakan ɗauki lokaci, sai an yi haƙuri. Kafin nan kada wanzami ya sa aska a wurin, ko da sunan kaciya ko cire angurya. Wani lokaci namiji ne da ƙofar fitsarinsa ta buɗe a ƙasa, kuma da fatar da ake yankewa a kaciya ake gyara masa.

Ba laifin 'yarki ba ne, ba kuma iska ba ce. Wancan na ƙoda gado ne irin na sikila: uwa da uba kowa na ɗauke da shi bai sani ba, kowane ciki kuma ɗaya cikin 4 ne zai iya zuwa da shi. Shi ya sa ya fi fitowa a auren zumunci. Ba kuma sabon abu ba ne. Duk wanda ya yi karatun zaure a cikin birni har ya sauke littafin fiƙihu na Muhtasar ya san da zancen hunsa, wato mata-maza, littafin ya rufe, inda aka ce a duba ta ina fitsari ke fita, gemu ne ya tsiro ko nono. Binciken da malamai suka faro ne muke ƙarasawa da na'ura.

Ina ganin haruffan LGBT a waya, abokaina kuma sun ce duk 'yan daudu ake nufi. Haka ne? Ɗaliba, Samaru.

A'a, 'yata. Abubuwa daban-daban aka tara. Akwai halittar jiki, wato mata-maza irin wanda na yi bayani a sama, shi ba ya ma cikin haruffan nan huɗu. Akwai wanda sha'awar mutum ke karkata gare shi: L mace ce mai sha'awar mata, G namiji mai sha'awar maza, B mai sha'awar duka biyun. T kuwa wanda jikinsa ba shi da wata tantama, amma a ransa yana jin shi ɗaya jinsin ne.

Kalmominmu ba su zauna daidai a kan waɗannan ba. Luwaɗi da maɗigo aiki suke ambata, ba abin da ke zuciya ba. Ɗan daudu kuwa ɗabi'a ce da sana'a: karya murya, ɗaura zane, tuyar kaji da sayar da abinci a tasha, da yawansu kuma da mata da 'ya'ya. Matsayin addini sananne ne, dokar da Shugaba Jonathan ya sa wa hannu a 2014 kuma ta yanke shekara 14 kan auren jinsi. A likitance dai, Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire sha'awar jinsi ɗaya daga jerin cututtuka tun 17 ga Mayu, 1990, kuma babu allura ko ƙwayar da ke sauya ta. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne a kira mata-maza da ɗan luwaɗi. Na ga budurwa da ta shekara 19 ba ta taɓa ganin al'ada ba, ta ƙi zuwa asibiti don tsoron irin wannan baki.

Ɗana shekararsa 14, muryarsa siririya, nonuwansa sun ɗan taso, yara na ce masa ɗan daudu. In saya masa allurar sinadarin maza? Uba, Sabon Gari.

Kada ka saya, Malam. Tasowar nono a lokacin balaga tana samun kusan rabin yara maza, kuma yawanci takan baje da kanta cikin wata 6 zuwa shekara 2. Murya ma tana daga cikin abubuwan da ke sauyawa daga baya. Allurar nan in aka yi ta ba bisa buƙata ba, tana rufe ƙashi da wuri yaro ya tsaya gajere, tana iya ƙara nonon, ba kuma ta gyara tafiya ko magana.

Abin dubawa shi ne maraina. In har yanzu suna nan ƙanana kamar na yaro, ko nonon ya wuce shekara 2 yana ƙaruwa, ku zo a auna shi, don akwai mazan da ake haifa da XXY, wato da ƙarin X ɗaya a ƙwayoyin halittarsu maimakon XY. In kun zo, ka ba mu minti goma ni da shi kaɗai. Yaron da ake yi wa wannan tsokana ba ya faɗin abin da ke damunsa a gaban babansa.